Fortuner ko Santa Fe: wacce ta fi dacewa da mai iyali a Jidda?

Abu_Sadik_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin mota a ƙasar nan. Shekara shida ke nan ina hawan ƙaramar mota mai kujera biyar, kuma ta yi mini hidima ba laifi, amma yanzu iyali sun ƙaru. Ni ne da maiɗakina da yara huɗu, babban yana da shekara 13, ƙaramar kuma ba a yaye ta ba, sannan mahaifiyata tana zuwa daga Kano kusan kowace shekara ta yi wata biyu ko uku tare da mu. Idan za mu Makka ranar Juma'a sai an ɗora wani a cinyar wani, abin da ni kaina na san bai dace ba. Na tara abin da Allah ya hore, idona kuma ya tsaya a kan motoci biyu, wato Toyota Fortuner da Hyundai Santa Fe. Yawancin tafiyata ita ce kai yara makaranta da zuwa wurin aiki a cikin Jidda, sai Makka kusan kowane mako, Madina sau uku ko huɗu a shekara, da Ɗa'ifa idan zafi ya tsananta. Zuciyata ta fi karkata ga Fortuner, amma maiɗakina ta shiga Santa Fe ta maƙwabtanmu ta ce ba ta ga abin da ya kai ta ba. Wacce za ku ba ni shawara in saya?

Baban_Hanifa_Riyad:
Wa alaikumus salam, Malam Abu Sadik. Kafin a shiga maganar inji da taya, ka fara tabbatar da matsayinka a wajen Murur, wato hukumar kula da zirga-zirgar motoci, domin dukkan motocin nan biyu masu ɗaukar mutum bakwai ne. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce ba a yi wa baƙo mai igama (katin izinin zama) rajistar mota mai kujera bakwai ko fiye sai idan iyalinsa sun kai mutum biyar, saboda gudun kada a mayar da ita motar haya. Tun da ku shida ne, ina ganin ba ka da matsala, matuƙar dukkansu suna kan igamarka kuma suna bayyana a manhajar gwamnati ta Absher. Na faɗi wannan ne saboda masu karanta mu da ba su kai wannan adadin ba, kada su ba da kafin alƙalami sannan a ce istimara, wato takardar rajistar mota, ba za ta fito da sunansu ba.

Alhaji_Na_Shara_Mansur:
Ɗana, ka sayi Toyota ka huta. Shekarata ta wuce 40 a Makka, kuma tun zuwana na tarar da ita a kan titi, domin gidan Abdul Latif Jameel tun 1955 suke kawo ta ƙasar nan. Duk ƙauyen da ka tsaya tsakanin nan da Madina za ka sami makaniken da ya san cikinta, kuma ranar da ka gaji da ita ka sa ta a shafin saye da sayarwa na Haraj, kafin la'asar waya ta dame ka. Mota dukiya ce, kuma baƙo ba ya sayen dukiyar da zai sha wuyar rabuwa da ita ranar da tafiya gida ta taso.

Ummu_Fadila_Madina:
Baba Alhaji ya faɗi gaskiyarsa, Allah ya ƙara girma, amma ina roƙon a ba ni dama in yi magana a madadin waɗanda suke zama a baya, domin maza idan suna zaɓen mota daga kujerar direba suke kallonta. Tun da aka ba mata izinin tuƙi a watan Yunin 2018 ni nake kai yaranmu makaranta, kuma na tuƙa motocin nan duka biyu, Fortuner ta yayana, Santa Fe tamu.

Malam Abu Sadik, ka je ka buɗe bayan kowacce ka duba yadda kujerun layi na uku suke naɗewa. A Fortuner ana ɗaga su ne a rataye su a gefe, ɗaya dama ɗaya hagu, don haka ko an naɗe su suna cin wuri kuma suna rage abin da kake gani ta tagogin baya. A Santa Fe kwantar da su ake yi su zama daidai da daɓen but, ka shimfiɗa kayanka a kai. Ga mai jaririya wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin keken yarinya kaɗai ya isa ya nuna maka bambancin. Mu idan za mu sauko Makka muna kwantar da kujera ɗaya, babban yaro ya zauna a ɗayar, gefensa kuma a jera keken, da kular abinci, da jarkokin da za a ɗebo zamzam.

Abu na biyu shi ne Hajiya mahaifiyarka. Surukata tana fama da ciwon gwiwa, kuma ranar da yayana ya zo ɗaukarta da doguwar motarsa sai da muka fito da ƙaramar kujerar tsuguno ta kicin ta taka, ni ina riƙe da hannunta, jikanta yana tallafe da ita ta baya, tana ta salati. Ba aibin motar ba ne, an ɗaga ta ne domin wani aiki daban. Amma tsohuwar da za ta hau ta sauka sau huɗu a rana ɗaya ta ziyara, ita ta san abin da taƙi ɗaya na tsayi yake nufi.

Makanike_Sana'iyya:
Hajiya Ummu Fadila ta taɓo ainihin maganar, sai dai bari in bayyana dalilin da ya sa ɗaya ta fi ɗaya tsayi, domin daga nan duk sauran bambancin ya samo asali. Fortuner a kan shasin Hilux aka gina ta. Akwai ƙarfen gindi mai kama da tsani, shi ke ɗauke da inji da giya da ƙafafu, sannan a ɗora gangar jikin a kansa a ɗaure da kusoshi. Santa Fe kuwa gangar jikin da gindin abu ɗaya ne, kamar yadda ake ƙera ƙananan motoci. Na farkon ya fi jure duka a hanyar gargada da ɗaukar nauyi da jan tirela, amma yana sa mota ta yi nauyi, ta yi sama, ta riƙa tangaɗi a kwana, kuma na baya su fi jin ramuka. Na biyun ya fi taushi da kama titi, ya fi barin fili a ciki, amma ba a yi shi don a riƙa dukan duwatsu da shi kullum ba.

Sai maganar inji, wadda a nan mutanenmu suka fi yin kuskure. Idan mutum ya ce Fortuner, sai a tambaye shi wacce. Akwai mai fulogi huɗu lita 2.7, ƙarfinta bai wuce doki 160 da 'yan kai ba, ga mota mai nauyin kusan tan biyu. Injin nan yana da juriya ƙwarai, amma idan ka cika ta da mutum bakwai da kaya, ka kunna esi, ka kama hawan Hada na hanyar Ɗa'ifa, za ka ji tana kuka tana sauya giya. Akwai mai fulogi shida lita 4.0, wadda ba ta san hawa ba, sai dai ta san gidan mai. Akwai kuma masu dizal, 2.4 da 2.8. Haka nan ba kowace Fortuner ce take ja da ƙafa huɗu ba, akwai mai ja da ƙafafun baya kawai, kuma wanda ya sayi wannan yana tunanin zai shiga rairayi, ya sayi siffa ne ba aiki ba.

Santa Fe sabon samfurin da ya fito a 2023, mai kusurwoyi kamar akwati, yana zuwa da inji lita 2.5, akwai mai tabo (turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi) akwai marar tabo. Shawarata ita ce ka tambayi irin giyar da ke cikin wadda aka nuna maka. Wasu masu tabo suna zuwa da giya mai kuloci biyu, wadda take da saurin sauyi a buɗaɗɗen titi, amma irin wannan giyar, ko ta wane kamfani ce, ba ta son a riƙa jan ƙafa da ita a cunkoso ana rabin birki rabin tafiya. Mai zaman Jidda da ke bin titin Madina da safe ya kamata ya san wannan tun kafin ya biya.

Sani_Dammam:
Malam Makanike, ni abin da na sani shi ne Fortuner tana da sifirin mai falle-falle a baya irin na Hilux, shi ya sa take jijjiga mutane.

Makanike_Sana'iyya:
A'a Malam Sani, a nan an ɗan samu kuskure. Hilux ce mai falle-falle saboda ɗaukar kaya. Fortuner nannaɗaɗɗen sifirin ne a bayanta, amma ƙafafun bayan suna kan gatari guda ne, don haka idan ɗaya ta faɗa rami ɗayar ma sai ta ji. A Santa Fe kowace ƙafa da nata motsin. Kuma sau da yawa jijjigar da mutane suke kuka da ita iska ce ta yi yawa a taya, domin masu faci suna cika ta fiye da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba.

Dan_Mai_Wurno:
Ni ban yarda a rage wa Fortuner daraja saboda kujera ba. Mu da muka fito daga yankin Sinnar na Sudan mun san abin da mota mai shasi take yi idan damina ta sauka kwalta ta ƙare, laka ta kai gwiwa. Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, da yawa daga cikin mutanenmu idan za su koma gida sukan ɗora motarsu a jirgin ruwa daga Jidda zuwa Sawakin, kuma ba wanda yake wahalar da kansa da motar da ba za ta kai shi ƙauye ba. Malam Abu Sadik, ko ba ka tunanin wata rana ka koma Kano da ita? Can ma ai Toyota ce sarauniya, kayan gyaranta kuwa ko a kasuwar ƙauye.

Abu_Sadik_Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Hanifa, dukkansu suna kan igamata, kuma kowane wata ina jin nauyin riyal 400 na kuɗin zaman iyali da ake biya kan kowane mutum, don haka ba zan manta da adadinsu ba. Ɗan'uwa na Mai Wurno, gaskiya ban yi niyyar kai ta gida ba, domin idan aka haɗa kuɗin jirgi da na kwastan gara in sayar a nan in sayi wata a can. Maganar rairayi kuma, in faɗi gaskiya, a shekara shidan nan sau biyu na taɓa fita daji da abokan aiki, kuma duka a motar wani. Amma akwai abin da yake sa ni son doguwar mota, wato ruwan Jidda. Ina nan aka yi na watan Nuwamban 2022, na ga ƙananan motoci suna yawo a kan ruwa kamar ƙwarya.

Injiniya_Bashir_Yanbu:
Yaya Abu Sadik, a kan ruwan nan ina so in ja hankalinka. Ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009, da ta Janairun 2011, da wadda ka ambata ta 2022, ba irin ruwan da tsayin mota yake ceton mutum ba ne. Ruwan da ya taru a ƙarƙashin gada yana shanye babbar jif kamar yadda yake shanye ƙarama, kuma da zarar inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska, aikin ya ƙare. Abin da doguwar mota take ƙara wa mutum a ranar ruwa, sau da yawa, ƙarfin hali ne na shiga inda bai kamata ba. Idan an yi gargaɗi an rufe makarantu, zama a gida shi ne maganin, sai kuma inshorar shamil, wato mai gyara har da motarka, wadda ka karanta ka tabbatar ta haɗa da ambaliya, domin ta diddal gair motar wanda ka buga kawai take gyarawa.

Ga lissafin mai kuma, tun da ba wanda ya kawo shi. Tun watan Yulin 2021 aka tsayar da farashin fetur, mai lamba 91 a kan riyal 2.18, mai lamba 95 a kan 2.33. Tankin Fortuner lita 80 ne, wato cika shi da 91 ya ɗan haura riyal 174. A misali kawai, mu ɗauka bambancin shan man motocin biyu lita 3 ne a kowace kilomita 100, kai kuma kana cin kilomita 25,000 a shekara, abin da ba wuya ga mai zuwa Makka kowane mako da Madina mai nisan sama da kilomita 400. Lita 750 ke nan, kimanin riyal 1,635 a shekara. Kuɗi ne, amma ba shi ne zai yanke hukunci ba. Wanda yake tunanin dizal ne ya kamata ya sake lissafi, domin lita ta tashi daga halala 75 zuwa riyal 1.15 a farkon 2024, sannan zuwa 1.66 a farkon 2025, don haka ratar da ta sa mutane suke rububinta ta ragu sosai.

Alhaji_Na_Shara_Mansur:
To Injiniya, ka yi lissafin mai, saura lissafin ranar sayarwa. Abin da ka tara a gidan mai cikin shekara biyar, dillali zai zaftare shi a zama ɗaya idan motar ba ta riƙe farashi. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma wannan lissafin na iya shi.

Injiniya_Bashir_Yanbu:
Gaskiya ne Baba, ban musa ba, Toyota ta fi riƙe farashi a kasuwar nan, kuma kowa ya sani. Abin da zan ƙara kawai shi ne a kwatanta abin da aka samu da kuɗi ɗaya a ranar saye, domin yawanci kuɗin da zai ba ka Fortuner ta ƙasa-ƙasa zai ba ka Santa Fe mai kayan tsaro da na jin daɗi fiye da haka. Sannan Hyundai ta yau ba baƙuwa ba ce a Saudiyya. Naghi ne wakilinsu a yankin yamma, Wallan a tsakiya, Almajdouie a gabas, kuma a 2023 Hyundai ta ƙulla yarjejeniya da asusun zuba jari na gwamnati don kafa masana'anta a birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah da ke kusa da Rabig, wadda aka tsara za ta riƙa fitar da mota 50,000 a shekara. Idan mutum zai riƙe mota shekara goma, faɗuwar farashi ba ta dame shi kamar wanda zai sayar bayan uku ba.

Maman_Khalil_Jidda:
Ni tambaya ce da ni, a gafarce ni idan na kauce. Me ya sa ba a kawo Highlander cikin maganar ba? Toyota ce, ga riƙe farashin da Baba Alhaji yake so, kuma ƙirarta irin ta Santa Fe ce, ga taushin da Ummu Fadila take so, sannan wadda ake sayarwa a nan mai haɗa fetur da batir ce, ba ta shan mai a cikin gari.

Abu_Sadik_Jidda:
Hajiya Maman Khalil, na duba ta, kuma ta burge ni, amma da aka ɗora harajin kashi 15 cikin 100 sai ta fi ƙarfin aljihuna, ni kuma ba na son shiga biyan kashi-kashi. Sai dai ko ta hannu.

Garba_Kilo_Bakwai:
Tun da an ambaci ta hannu, bari in ba da labarin abin da ya same ni, ko wani zai tsira. Bayan ruwan 2022 da 'yan watanni na sayi wata jif a hannun wani mutum, ba zan faɗi irinta ko wurin ba. Fenti yana ƙyalli, ciki yana ƙamshin turaren wuta, farashi kuma ya yi sauƙin da ya kamata ya sa ni tsayawa in yi tunani, amma kwaɗayi ya hana. Bayan mako uku gilashin ƙofa ya fara sauka da kansa, fitilun gaban direba suna kamawa suna ɗaukewa. Da mai wayarin ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera sai ga busasshiyar laka ta yi ɓawo, kusoshin kujerun duk sun yi tsatsa, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya nuna mini layin da ruwa ya tsaya. Turaren nan ashe warin danshi aka rufe da shi. Duk wanda zai sayi ta hannu a Jidda, ko Fortuner ce ko Santa Fe, ya ciro rahoton tarihin mota na Mojaz da lambar shasi, ya kai ta wurin binciken da shi ya zaɓa ba wanda mai motar ya nuna masa ba, kuma ya sa hannunsa ya ɗaga kafet. Takardar fahas, wato binciken lafiyar mota na hukuma, tana nuna motar ta cika sharaɗin hawa titi ne, ba ta ba ka tarihinta.

Baban_Hanifa_Riyad:
Allah ya mayar da alheri, Malam Garba. In dawo kan tambayar asali, ni na yi shekara huɗu ina zirga-zirga tsakanin Riyad da Makka, kusan kilomita 870, a hanyar da aka yarda a yi gudun 140 a wasu sassanta tun 2018. A irin wannan gudun, idan iska ta bugo daga gefe ko ka zo wuce tirela, mota mai ƙasa-ƙasa ta fi kwantar wa direba da hankali, kuma yara sun fi yin barci. Hanyar Hijira da Abu Sadik yake bi zuwa Madina irin wannan ce, kwalta ce shimfiɗaɗɗiya daga farko har ƙarshe. Ni ban ga inda ƙaramar giyar rairayi za ta yi masa aiki ba. Amma kowacce ka ɗauka, ka duba lambobi huɗun da ke jikin taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, domin zafin watan Agusta ba ya tambayar sunan kamfani.

Dan_Mai_Wurno:
Duk na ji, amma har yanzu ina kan bakana. Yau aikinsa a Jidda yake, gobe idan aka mayar da shi wani wurin aiki a kudu, can wajen Jazan ko duwatsun Asir, fa? Mota mai shasi ba ta zaɓen hanya.

Ummu_Fadila_Madina:
Ɗan'uwa, hanyoyin Abha da Baha ma ai kwalta ce, kuma hawa ne da kwana, inda injin 2.7 da Malam Makanike ya bayyana zai fi shan wuya. Malam Abu Sadik, ka bar mu da gardamarmu, ka ɗauki iyalin gaba ɗaya ku je wakala, wato shagon wakilin kamfani. Ka ɗaura kujerar jaririyar a layi na biyu, sannan ka ce wa babban yaron ya wuce layi na uku ba tare da an cire ta ba, ka ga ko zai iya. Ka zaunar da shi minti goma ka dubi inda gwiwarsa take, ka sa hannu ka ji ko sanyin esi yana isa wurinsa.

Abu_Sadik_Jidda:
Haka za a yi in sha Allah. Hajiya tana nan sai bayan Maulidi za ta koma, don haka ranar Asabar da yamma zan ɗauke su duka mu je wuraren biyu, ita ma ta hau ta sauka da ƙafarta. Malam Makanike, idan na sami Fortuner mai fulogi shida ta hannu wadda ba ta wuce shekara uku ba a kan kuɗin sabuwar Santa Fe marar tabo, zan iya kawo maka ita ka ɗaga ta ka duba mini ƙarƙashinta?

Makanike_Sana'iyya:
Ka kawo ta, amma da safe kafin inji ya yi zafi, kuma kada ka bari mai ita ya wanke ƙarƙashin kafin ku zo. Ka taho da littafin sabis ɗinta.